Sau Nawa Kika Ɗora Tukunya

Kwana tara ke nan sama ba ta zubo ba. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe, in ka bi hanyar gona da rana sai yashi ya ƙona maka tafin ƙafa ta cikin takalmi. Kowace la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su ruga su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsar da shi. Haka aka yi damina biyar da suka wuce, har warin ƙasar ma ɗaya ne. Ni kuwa tun ranar Talata jikina ba daɗi. Inna ta ce zazzaɓin damina ne, ta dafa mini ganye na sha. Ba zazzaɓi ba ne. Murfin tukunyar gwaggota na ɗaga a gaban mutane, kuma ba wannan ne karo na farko da na ɗaga shi ba.

Waccan shekarar ina da shekara goma sha shida, na gama jarrabawar burbe, ta fita kwaleji, ina zaman jiran sakamako. Kakar da ta gabata tsutsa ta cinye zangarniya, shi ya sa rumbunmu ya yi kuwwa tun bazara ba ta yi nisa ba. Baba ya dawo daga cin rani a Kano da ɗan abin da ya samu, da aka juya naira zuwa sefa sai ya narke a hannunsa. Irin shuka kaɗai ya tsira, shi ma don Baba ya zuba shi a tulu ya liƙe bakin da laka, ya ce duk wanda ya fasa ba ɗansa ba ne.

Ruwan fari ya sauka, muka fita shuka. Baba yana gaba da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Da asuba Inna za ta auna rabin tiya, ta daka har da dusar, ba surfe ba bakace, ta dama kunu tsararo wanda in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka. Shi ne na safe, shi ne na rana. Da yamma sai tafasa: mu tsinko ganyen, a dafa a matse, in an sami ƙuli a barbaɗa, in ba a samu ba gishiri ya isa. Cikin kowa na kuka. In na sunkuya tsinkar ganye na miƙe sai in ga duhu, in tsaya riƙe da ƙugu har duniya ta dawo.

Gwaggo Hawa ƙanwar Baba ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Mijinta ya tafi nema Legas shekara biyu kafin nan, ba aike ba labari. Tana da 'ya'ya mata biyu, Rakiya mai shekara bakwai, da Fati mai shekara uku. Ban taɓa ganin mace mai tsafta da tsare kai irin Gwaggo ba. Zanenta na fita ɗaya ne, amma kullum wankakke, kullum da ƙanshin turaren wuta. Ko gishiri ba ta taɓa aikowa aro ba. Ita ta koya mini daka, kuma tun da na shiga lakwal, makarantar boko, ta daina kirana Habsu.

"Madam, an taso? Zo nan ki faɗa mini yadda ake ce wa taɓarya da nasaranci."

In na faɗa sai ta ce, "To ɗauki, mu ga ko ta ji sunanta." Mu yi ta lugude tana yi mini dariya.

A unguwarmu hayaƙi labari ne. Safe da yamma mata na duban saman katangar juna, gidan da hayaƙinsa bai tashi ba kafin azahar zancensa ya isa famfo. Hayaƙin Gwaggo bai taɓa fashi ba. Har Inna takan ce, "Hawa akwai dabara, ban san inda take samowa ba."

Ana cikin noman fari ruwa ya ɗauke, a cikin wannan farin ne farar mota ta tsaya ƙofar mai unguwa. Aka ce mutanen furoje ne, wato shirin agaji, za su rubuta gidajen da suka fi shan wuya, a riƙa ba matan gidan kuɗi a hannu duk wata. Ba bashi ba, ba masara ba, kuɗi, kowa ya yi abin da ya ga ya fi masa. Wanda aka turo unguwarmu wani ma'aikaci ne daga Yamai, muna ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, Hausarsa ba ta wuce ina kwana ba. Mai unguwa ya ce a nemo mai jin Faransanci, aka ce ga 'yar gidan Malam Sule ta gama kwaleji. Na sa sabon hijabina na bi shi gida gida, yana riƙe da tabilet, ni ina jin kaina kamar wata ma'aikaciya.

Tambayoyin da yawa: mutum nawa, dabba nawa, ɗaki na laka ne ko na kara. Amma akwai guda ɗaya da Mushe ya ce mini ta fi sauran nauyi: jiya sau nawa mutanen gidan suka ci abinci. A gidan farko wata tsohuwa muka tarar, na tambaye ta kamar yadda ya faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar wace ce? A lakwal ɗin aka koya miki ki tambayi babba abin da ke cikinsa?"

Matan gidan suka kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga nan na gyara tambayar da kaina, ban gaya wa Mushe ba. Sai in ce, "Jiya sau nawa kuka ɗora tukunya?" Wannan ba ta taɓa mutuncin kowa. Na ɗauka duk ɗaya ne, har ina yaba wa kaina da iya magana.

A gidanmu Inna ba ta tsaya kunya ba, ta ce sau ɗaya, ta ja Mushe har gindin rumbu ta ce ya leƙa. Daga nan muka shiga gidan Gwaggo. Ta share tsakar gida ƙal, ta shimfiɗa tabarmarta mai kyau, ta kawo ruwa a kwanon da aka goge da toka yana ƙyalli. Awakinta biyu na ɗaure a turke. Aka tambayi mai gida, ta ce yana Legas yana nema. Sai aka zo kan tambayar.

"Gwaggo, jiya sau nawa kika ɗora tukunya?"

"Sau biyu, Madam. Safe da yamma. Ai kowa ya ga hayaƙi."

Na juya na ce wa Mushe da Faransanci, sun ci sau biyu. Ya danna. Da za mu fita har ya ce in gaya mata gidanta ya burge shi.

Bayan kwana uku ashanarmu ta ƙare, Inna ta aike ni in ɗebo wuta. Gwaggo ta tafi famfo. Na tarar da Rakiya gaban murhu tana tura kara, tukunya na tafasa, Fati na kwance kan tabarma tana tsotsar bakin zane, cikinta ya yi tulu, gashinta ya yi ja. Cikin wasa na ce bari in ga abin da Gwaggo ke ɓoye mana, na ɗaga murfin.

Ruwa ne. Ruwa zalla, ko ganye ɗaya babu.

"Inna ta ce in ta dawo za ta zuba gari," in ji Rakiya.

"Jiya ta zuba?"

"Jiya ma haka ta ce."

"To me kuka ci?"

Ta nuna mini ƙwaryar dusar awaki.

Na mayar da murfin a hankali, na ɗebi garwashi a kasko na fita. Sai da na isa gida na ga yatsana ya tashi, ban ji lokacin da ya ƙone ba.

Har nan kuskure ne, na yarinya mai gudun dariya. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Bayan mako guda aka tara unguwa ƙarƙashin bishiyar ƙofar mai unguwa za a kira sunaye. Rana ta take, maza a gaba, mata a baya da goyo. Aka kira sunan Inna, na ji ta ce alhamdulillahi da ƙarfi. Aka kai ƙarshe babu Gwaggo. Sai Mushe ya yi magana, kuma ni ce na mayar da ita Hausa, da bakina, da murya sama: "Duk wanda ya san an tsallake wani mabuƙaci, ya faɗa yanzu kafin a rufe."

Na hango ta can baya, da wankakken zanenta, Fati a kafaɗa. Na ce a raina in na yi magana za a ce duk gidajen da na fassara a sake, za a ce na yi son kai na sa gidanmu, a soke sunan Inna. Maza za su ce ga amfanin kai mace lakwal. Gwaggo kuma ba za ta yafe mini tonon asiri a bainar jama'a ba. Dalilai suka yi ta zuwa, kowanne da kamar gaskiya. Mai unguwa ya ce, "Shi ke nan?" Aka ce shi ke nan. Aka shafa fatiha.

Ba zan ce kuɗin nan ba su yi mana rana ba, ƙarya ne. Inna ta sami karti mai hotonta, duk wata su yi layi a ƙofar meri, ofishin magajin gari, tun hantsi. Watan farko hatsi ta saya, ranar muka ci tuwo mai tauri har ƙanena ya yi barci da loma a hannu. Baba ya daina zuwa ƙwadago gonar wani Alhaji, ya tsaya kan tasa, ya yi noman fari ya yi maimai a kan kari. Da ruwa ya dawo sai ya tarar da gona a gyare. Wata na uku Inna ta sayi akuya, daga baya ta fara sayen gyaɗa tana matsar mai tana toya ƙuli, sana'ar da har yau ita ke riƙe da mu ko da yake furojen ya daɗe da tashi. Takardun da na shiga lise, babbar sakandare, da su daga nan suka fito. Ba kowane gida ne ya ji daɗi haka ba. 'Yan kasuwa sun san ranar biya, washegari tiya ta tashi. Wasu gidajen an yi ta rigima tsakanin miji da mata kan wa zai riƙe. Amma a unguwarmu duk wanda ke da karti ya nome gonarsa a waccan daminar.

Gwaggo kuwa kullum tana gonar wasu da hauya, a biya ta da yamma abin da bai kai tiya ba. Tata gonar ciyawa ta haɗiye. Baba ya je ya yi mata kwana biyu, amma lokaci ya riga ya wuce. Inna ta aika mata tiya biyu a ƙwarya. Ta karɓa, sai ga ƙwaryar ta dawo da gyaɗa a ciki, 'yar wadda ta rage mata, don ba a mayar da ƙwarya wayam. Inna ta zauna ta yi hawaye.

"In na sake aikawa akuya za ta aiko mini. Wannan wace irin mace ce?"

Daga nan sai dabara: a kira yaran wai su taya tsince wake, a tura musu kwano. Duk da haka awakin suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Da kaka, lokacin da muke gasa tumu muna ƙona baki, abin da ta girba jaki ɗaya ya kwaso shi a sawu ɗaya. Ta ba da gonar jingina.

A ƙasarmu kowa ya san inda mata ke nufa in abin ya kai haka: arewa, Agadas, Arlit, har Aljeriya, bara a bakin titi da yara a gaba, don mai yara aka fi ba sadaka. Da Baba ya ji Gwaggo ma can za ta, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Inna ta ce, "Hawa, ke da ba ki iya aron gishiri?"

Ta ce, "Can ba wanda ya san ubana."

Da safen da za su tafi ta miƙo mini taɓaryarta ta kan katanga. "Madam, riƙe mini. Kada ki bari gara ta ci." Na buɗe baki in faɗa mata. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Shekara biyar, sai jefi-jefi ta kira a salular wani. Kullum maganar ɗaya ce: lafiya lau, yara lafiya, a gaida kowa. A bazarar bana aka kwaso su cikin kamyon, babbar motar kaya, tare da waɗanda aka koro daga Aljeriya, daga Agadas zuwa Damagaram, daga can motar haya ta sauke su a tasha. Inna ta riga ta yanki yadi biyu iri ɗaya, na babba da na ƙarama, tana cewa Fati yanzu ai ta kai shekara takwas. Gwaggo ta shigo, ta rame ta yi baƙi, Rakiya na bayanta ta yi tsawo ba ta magana. Inna ta yi ta duban ƙofa.

"Fati ta gaji a hanya," in ji Gwaggo. "Tun a tafiya. Gaba da Arlit kaɗan."

Tun a tafiya. Wata guda bayan ta miƙo mini taɓarya Fati ta rasu. Na shiga bayan ɗaki na yi ta amai.

Washegari da safe hayaƙi ya tashi ta kan katanga.

Bana ma damina ta zo da gardama, mu kanmu ba wadata muke ba. Baba ya yankar wa Gwaggo gefen gonarsa. Rakiya takan ci a wurinmu, wannan kam Gwaggo ta kau da kai. Amma ita, in an aika sai ta ce ta riga ta ci. Ni kuwa kowace safiya in na ga hayaƙin nan sai in kau da ido.

Ranar Talata wata farar mota ta tsaya ƙofar mai unguwa. Wani furoje ne daban, aikin dai iri ɗaya. Wannan karon mace aka turo, 'yar Damagaram, Hausa a bakinta, ni nuna gida kawai aka ce in yi. Muka isa gidan Gwaggo. Tsakar gida a share, tabarma a shimfiɗe, tukunya na tafasa a murhu. Maƙwabta mata uku sun biyo mu sun tsaya a zaure suna leƙe.

Matar ta tambaya kai tsaye, ba kwana-kwana. "Inna, jiya sau nawa kuka ci abinci?"

"Alhamdulillahi."

"Sau biyu?"

"Asiri a rufe, 'yata."

Matar ta dubi murhu, ta dubi hayaƙi, na ga yatsanta ya nufi tabilet. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kama murfin da hannu, ba tsumma, na ɗaga. Tururi ya buge ni a fuska.

"Zo ki duba," na ce. "Don Allah zo ki duba da idonki."

Ta zo ta leƙa. Na ji ɗaya daga matan zaure ta ce la'ilaha. Gwaggo ba ta motsa ba. Ni kuma bakina ya ƙi rufuwa, abin da na riƙe shekara biyar ya zubo gaba ɗaya.

"Gwaggo, wancan karon ba tukunya aka ce in tambaye ki ba. Ci aka ce. Ni na canza, don kar a yi mini dariya. Kuma na gani, bayan kwana uku na zo ɗibar wuta na gani. Ranar kiran suna na san komai na yi shiru."

Kaza na tono a gindin katanga, ita kaɗai ake ji. Murfin na ƙona ni ban sake shi ba.

"Rufe mini tukunyata," in ji Gwaggo.

Na rufe. Ta juya wajen matar, ba ta ɗaga ido ba. "Rubuta. Yarinyar ta ci a gidan yayana. Ni ban ci ba. Shekaranjiya ma haka."

Matar ta rubuta, ta ƙarasa tambayoyinta da murya ƙasa ƙasa, ta fita. Matan zaure sun riga sun ɓace, na san inda suka nufa. Na durƙusa gaban Gwaggo.

"Da na tambaye ki daidai a lokacin, da kin faɗa?"

Ta daɗe tana duban turken da ba akuya. Na so ta ce a'a. Wallahi na so ta ce a'a, in samu in yi numfashi.

"Ban sani ba, Habsu," ta ce. "Ba a tambaye ni ba."

Kafin la'asar zancen ya gama famfo. Inna ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba, ta ce na tsiraita uwata a gaban baƙuwa, sannan ta taɓa goshina ta ce ba ni ba ce, zazzaɓi ne. Baba ya ɗauki hauya ya fita gonar da ba ta buƙatar noma. Sai gobe Asabar za a kira sunaye ƙarƙashin bishiyar nan. Ban san ko nata zai fito ba, matar ta ce ba ita ke yankewa ba.

Laraba ba hayaƙi a kan katanga. Alhamis ma babu. Na yi ta zagayen tsakar gida ina kasa kunne ko zan ji tarinta.

Yau da hantsi Rakiya ta yi sallama, da ƙwarya wayam a hannu. Ta tsaya gaban Inna ta ce, "Wai a sam mata tiya ɗaya. Kuma wai Habsu ta ba da taɓarya."

Inna ta dubi ƙwaryar kamar ba ta taɓa ganin ƙwarya ba. Ta shiga ɗaki ta auno, ta ƙara da hannu biyu, tana share ido da gefen zane. Na ɗauko taɓaryar daga bayan gadona, gara ba ta taɓa ta ba, duk shekara ina shafa mata mai.

"Ta ce in kawo mata?"

"Ta ce ki ba ni."

Yanzu haka ina jin dakan ta kan katanga, a hankali, na mai ƙarancin ƙarfi. In an jima hayaƙi zai tashi, kuma yau da gari a tukunyar. A da in ta fara daka, ba ta kai bugu goma sai ta ƙwala kira, Madam, fito mu yi lugude. Na ajiye biron da nake wannan rubutu da shi na saurara. Ta wuce goma tun ɗazu.